Taƙi biyun nan kafin waya ta shiga dibi

Duk mai son ya gane ko wayarin ɗin gida an yi shi da hankali ko kuwa an yi ne kawai don a karɓi kuɗi a kama gaba, ba sai ya bi ɗaki-ɗaki yana kunna suwic ba. Ya wuce wajen dibi kai tsaye, akwatin nan da birekoki suke ciki, ya tsaya ya dubi samansa da ƙasansa da gefensa, daidai inda wayoyi suke shiga. Ban ce ka kwance murfi ba fa, in ba sana'arka ba ce kar ka taɓa, ido kawai ya isa. Wajen bai fi taƙi ɗaya zuwa biyu ba amma a nan duk wayoyin gidan suke haɗuwa, na fitilu da na soket da na esi da na sumo, wato famfon burtsatse, kamar tashar mota ce, kowace hanya nan ta ɓullo, kuma abin haushin shi ne nan ɗin ne mu masu wayarin muka fi yi wa aikin gaggawa saboda lokacin da za a zo kansa an gaji, kayan aiki sun kusa ƙarewa, maigida kuma ya fara cewa shi fa kuɗi sun ƙare.

Abin da na fi gani a gidajen nan Kano, sababbi ma ba tsofaffi ba, shi ne fayif ya taho tun daga ɗaki lafiya lau, an sassaƙe bango an binne shi, sai ya zo saura kaɗan ya shiga dibi ya tsaya. Ragowar tazarar sai wayoyin su ƙarasa tsirara, mai filasta ya zo ya mulka siminti a kansu shikenan an rufe magana. Alhali wayar da muke ja a cikin fayif, ja da baƙa da koriyar nan, riga ɗaya ce da ita, ba irin kebul mai riga biyu ba ce, ba a yi ta don ta zauna a fili ko a cikin siminti ba. Ƙa'ida ta ce irin wannan waya dole ta kasance a cikin fayif ko tirankin, wato doguwar ma'ajiyar waya mai murfi da ake kafewa a bango, tun daga inda ta taso har inda za ta ƙare. Har cikin akwatin, ba bakin akwatin ba. Akwai adafta ta roba mai noti da ake ɗaure bakin fayif da ita a jikin dibi, ba ta kai kuɗin kwanon abinci ba, amma sai ka buɗe dibi mai hanya goma sha biyu ka tarar ko guda ɗaya babu.

To me zai faru in ba a saka ba? Na farko dai ranar da waya ɗaya ta ƙone ba ta jawuwa, siminti ya riƙe ta, sai an fasa bango, kuma galibi lokacin an yi fenti an saka tayil. Na biyu shi ne bakin hujin. Dibin ƙarfe yana zuwa da wasu zagaye-zagaye da aka yi wa alama don a doke su a fitar, in ka doke bakin yana da kaifi sosai, yana yankan yatsa ma balle roba. Waya ta kwanta a kan wannan kaifin, kullum tana ɗumi idan an ɗora lodi tana hucewa idan an ɗauke wuta, tana ɗan motsi kaɗan-kaɗan da ido ba ya gani, ga bugun ƙofa ga girgizar janareto in yana kusa, a hankali ƙarfen yana cin robar. Ba ranar za a gani ba, yana iya ɗaukar shekaru. Wata rana kawai sai yarinya ta taɓa murfin ta yi ƙara. In gidan da atin na gaske, wato wayar da ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa, bireka za ta faɗi a huta. In kuwa atin ɗin na ado ne, irin wanda aka soka guntun rodi a ƙasa aka naɗa masa waya, to akwatin gaba ɗaya ya zama layif yana jiran hannu. Shi ya sa ko da kebul mai riga biyu ne, sai an saka zoben roba a hujin ko gilan, wato maɗaurin da ke riƙe kebul a bakin huji, kuma rigar wajen ta shiga har cikin akwatin kafin a fere ta, ba a fere ta tun daga waje ba.

Wai ma wace doka? Don na san wani zai tambaya, tunda mu a nan kowa da dokar ogansa yake aiki. Akwai doka. Hukumar NERC mai tsara harkar wutar lantarki a Najeriya ta fitar da ƙa'idojin samar da wuta da harhaɗa kayanta a 2015, waɗanda ake kira NESIS, kuma a shekarar ne aka yi dokar da ta kafa NEMSA, ita ce ke da alhakin dubawa da gwada aikin wuta da kuma ba masu wayarin shaidar ƙwarewa. Amma tushen abin da aka koya mana a makarantun koyon sana'a na Ingila ne, wanda tsofaffin ogogi suke ce wa dokar IEE, yanzu sunanta BS 7671, bugu na 18 ya fito a 2018, na farkonta kuwa tun 1882. Ba abin mamaki ba ne, soket ɗinmu mai ƙafa uku na amfiya 13 nasu ne, ƙarfin wutarmu 230 ne kamar tasu. Lambobin da zan kawo yawanci daga can suke.

Bari in fara da wadda na fi so a kiyaye, maganar hanyar da fayif zai bi a cikin bango. Idan wayar ba ta kai zurfin milimita 50 a cikin bango ba, kuma gaskiya yawancin sassaƙar da muke yi a bulo ba ta kaiwa, to ba ko'ina aka yarda ta bi ba. Ko dai ta miƙe sak sama ko ƙasa ko gefe daga dibi ko suwic ko soket, ko ta bi cikin santimita 15 daga saman bango, ko cikin santimita 15 daga kusurwar da bango biyu suka haɗu. Hikimar a fili take, duk mai hankali in ya ga dibi ya san akwai waya a samansa da ƙasansa, ba zai buga ƙusa a wajen ba. Amma in ka ja fayif a karkace, ka yanke daga kusurwa zuwa kusurwa don ka rage tsawon waya, babu wanda zai iya hasashen inda ta bi. Mai labule zai zo da injin huji, mai saka talabijin a bango zai zo, kafinta zai zo kafa kanta, amarya za ta zo da agogon bango da hotuna. Kuma ita wannan ƙa'idar ba ta tsaya nan ba, ta ce ko a hanyar da aka yarda ɗin ma a saka wa layin RCD mai miliamfiya 30, na'urar da ke yanke wuta da zarar ta zurare, wadda mutanenmu suka fi sani da ELCB, sai dai in wayar tana da kariyar ƙarfe da aka haɗa da atin. Na san abin da ake yi wa ELCB a garin nan, da ta fara faɗuwa sai a kira yaro ya yi mata jamfa ya tsallake ta wai tana damun mutane. Ai faɗuwar tata magana take yi, tana cewa wuta na zurarewa a wani waje, sau da yawa ma a irin wajen da nake magana a kai ne, inda damina ta jiƙa bango ruwa ya sami waya mai rauni.

Idan kuma aikin na saman bango ne, irin na shaguna da gidajen haya da tsofaffin gidajen cikin gari, sai maganar kilif. Kebul siriri da kaurinsa bai wuce milimita 9 ba, jagoran aikin na Ingila ya ce kilif duk santimita 25 in a kwance yake tafiya, duk santimita 40 in a tsaye ne. Mai ɗan kauri zuwa milimita 15, santimita 30 a kwance. Amma ni kilif ɗin da ya fi damuna shi ne na ƙarshe, na dab da akwatin. In babu shi, nauyin kebul ɗin gaba ɗaya yana rataye ne a kan sukurun bireka. Sukuru aikinsa ya matse waya wuta ta wuce, ba ɗaukar kaya ba. Yau a ja, gobe tsintsiyar yana ta taɓa, jibi yaro ya rataya jakar makaranta, sai sukurun ya saki kaɗan, daga ya saki sai wajen ya fara zafi, zafi ya ƙara sassauta shi, sai ka fara jin ƙaurin roba da wannan ƙarar cir-cir ɗin da daddare. Bireka ba za ta faɗi a kan wannan ba fa, jama'a su gane, domin wutar da ke wucewa ba ta wuce ƙima ba, zafin a waje ɗaya yake taruwa. Gobara da yawa da ake cewa "wutar lantarki ce" a tafi, daga irin wannan sakin take farawa.

Yaran yanzu suna kallon bidiyon masu wayarin na Amurka a YouTube, kuma ban hana ba, ana ƙaruwa. Su dokarsu NEC ta faɗi abin da lamba, kebul ɗin gida a kafe shi cikin inci 12, wato kamar santimita 30, daga kowane akwati, sannan kar tazarar da ke tsakanin makafa ta wuce ƙafa huɗu da rabi. In kuma kebul ya ratsa katako kusa da baki, ƙasa da inci ɗaya da kwata, sai an buga farantin ƙarfe a wajen don kar ƙusa ta same shi. Sai dai a tuna su gidajensu na katako ne, bangon ciki fanko ne, wutar soket ɗinsu kuma 120 ce, ba komai ne za ka kwaso ka kawo gidan bulo ba. Abu ɗaya nasu da nake so mu ara shi ne filin gaban dibi. Sun ce a bar fili kamar santimita 90 a gabansa, faɗin santimita 76, tsayin mita 2, ba a ajiye komai. Mu kuwa nan ne ma'ajiyar buhun shinkafa da katifar baƙi, wani gidan ma sai an ture wadirof kafin a ga dibin. Ranar da ake neman a kashe wuta cikin sakan biyu sai a tsaya janye kaya.

Akwai wata ƙa'ida da ta shigo saboda rai da aka rasa. A 2010 gobara ta tashi a wani dogon bene mai suna Shirley Towers a Southampton ta Ingila, 'yan kwana-kwana biyu suka mutu, kuma cikin abin da bincike ya gano akwai wayoyin da suka zubo daga sama bayan tirankin ɗin roba ya narke, suka sarƙe mutane cikin hayaƙi. Kafin nan ma an yi makamancin haka a Stevenage a 2005. Daga baya a 2015 BS 7671 ta ce duk wayar da ke kan hanyar gudu daga gobara sai an riƙe ta da abin da wuta ba za ta narkar nan take ba, a bugun 2018 kuma aka faɗaɗa abin ya shafi ko'ina a gini. Ma'ana kilif ɗin roba da tirankin ɗin roba su kaɗai ba su isa ba, sai an haɗa da maɗaurin ƙarfe a tsakani. Yanzu ka tuna da layukan kasuwanninmu, ka ɗaga kai ka ga abin da ke lilo a sama, wani an ɗaure shi da tsumma wani da leda. Ko a gida ma dibi yawanci a koridon shiga yake ko ƙarƙashin matakala, wato daidai hanyar da za a bi a fita.

Sai maganar cusa. Kusa da dibi ne ake tattaro layuka biyar shida a tura su cikin fayif ɗaya don kar a sassaƙa hanya da yawa, har sai an shafa sabulu ko man girki ana ja mutum biyu suna nishi. A nan lissafi yake da ban tsoro. Waya 2.5, wato mai kaurin milimita sukwaya 2.5, a cikin fayif a bango, littafi ya ba ta amfiya 24, amma fa a yanayin zafi na digiri 30 kuma ita kaɗai da abokiyarta. Idan zafin wajen ya kai digiri 40, wanda a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ba labari ba ne, balle cikin silin ƙarƙashin kwano, sai a ninka da 0.87, ta dawo kusan 21. In layuka shida ne a cunkushe waje guda sai a sake ninkawa da 0.57, ka ga ta dawo wajen amfiya 12, rabin abin da aka fara da shi. Ita kuma an ɗora mata bireka mai 20, wani ma 32 zai saka wai don kar ta riƙa faɗuwa. Gaskiya ne ba duk layukan ne ke ɗauke da cikakken lodi lokaci ɗaya ba, ƙa'idar ma ta yi rangwame a kan wannan, amma a gidan da esi uku da hita da dutsen guga suke tashi tare da an kawo wuta, rangwamen ba naka ba ne. Robar PVC iyakarta digiri 70, in tana wuce haka kullum sai ta bushe ta yi tauri ta fara tsagewa. Wannan lissafin ma na waya mai cikakken kauri ne ta jan ƙarfe zalla, ba irin wadda aka rubuta 2.5 a leda cikinta bai kai ba. Araha ba ta ado. A tirankin kuma kar wayoyi su cinye fiye da kashi 45 cikin 100 na cikinsa, in murfi sai an danna da gwiwa yake rufuwa to an wuce.

Wani abu da ba kowa ya sani ba, har cikin waɗanda suka daɗe a sana'ar. In dibin na ƙarfe ne, layif da nutural na layi ɗaya dole su shiga ta huji ɗaya, in fes uku ne duka ukun da nutural su bi tare. Idan ka raba su, wannan ta nan wannan ta can don aiki ya yi kyan gani, ƙarfen da ke tsakaninsu zai riƙa ɗaukar zafi saboda maganaɗisun da kowace waya ke yi ba ya samun na 'yar'uwarta da zai kashe shi. A ƙaramin lodi ba za ka lura ba, amma a babban kebul na shigowa ko canjoba ta masana'anta sai ka taɓa jikin akwatin ka ji ɗumi ka rasa dalili. Hujin da ba a yi amfani da shi ba kuma a toshe shi, musamman na sama, ƙa'ida ta ce saman akwatin kar ya bar abin da ya kai milimita 1 ya shiga. Mu da muke da ƙurar hunturu da ƙadangare da ɓera da kyankyaso, ga zanzaro da ke son gina ɗakinsa a kan basba, wato sandar ƙarfen da ke raba wa birekoki wuta, mun fi Turawan buƙatar wannan. Na sha ciro busasshen tsaka daga tsakanin fes biyu.

Amma fa in za a yi adalci, mai wayarin na farko ba shi kaɗai ne mai laifi ba, sau da yawa ya bar aiki tsaf, waɗanda suka biyo baya ne suke lalatawa. Gidan yanzu hanyar wuta uku gare shi, ta NEPA da janareto da sola, kuma kowanne da mutuminsa da ranarsa. Mai janareto ya zo ya huda gefen dibi ya saƙalo fileksibul ta taga. Mai inbata ya zo ya ciro layuka uku ya yi joyin a waje ya naɗe da baƙin salatif. Mai esi ya zo ya ga babu sauran bireka sai ya cusa wayarsa a kan ta wani. Kafin shekara biyu bangon ya koma abin da ba mai iya ganewa, har shi maigidan bai san wace waya ce ta ina ba. Ni shawarar da nake ba duk mai gini ita ce tun farko a ɗauki dibi mai sauran gurbi, a binne fayif biyu ko uku fanko masu faɗi daga dibi zuwa inda canjoba da inbata za su zauna da kuma cikin silin, ko da yanzu babu kuɗin sola. Wani Alhaji da na faɗa wa haka cewa ya yi, "Injiniya, fayif ɗin da ba waya a ciki kuma na mene ne, ko dai cikon lissafi ne?" Na ce Alhaji ranka ya daɗe, na ranar da za ka kira mai sola ne, ko a saka yanzu ko a fasa maka tayil gobe. Ya yi dariya ya ce a saka ɗaya.

Wayar sola da ta batir kuma hanyarsu daban, kar a haɗa su fayif ɗaya da wayar gida. Wutar NEPA tana juyawa, tana ratsa sifili sau 100 a kowane sakan, shi ya sa tartsatsinta ke saurin mutuwa. Ta batir da faifan sola miƙaƙƙiya ce, in ta kama tartsatsi sai ta riƙe tana ci kamar walda. Don haka fiyus ya zauna dab da batir, kebul ɗin ya zama gajere an kafe shi, kuma batir mai ruwa ba a ajiye shi a ƙarƙashin dibi, yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, ga bireka a samansa tana tartsatsi duk sanda aka ɗaga ta. Wadda ta sauko daga rufi kuma rana na dukanta, farin fayif na cikin gida ba ya jure ranarmu, yana ƙonewa ya riƙa farfashewa a hannu.

Daga mita zuwa dibi ma akwai wajen da ake yawan kuskure, inda wayar alminiyam ta sabis take haɗuwa da ta jan ƙarfe. In aka murɗe su kawai, danshi na shiga sai mahaɗar ta fara cin kanta ta yi farin gari, daga nan sai zafi, sai fitilu su riƙa rawa a ce wutar ce ba ƙarfi. Akwai kanekta da aka yi musamman don haɗa ƙarfen biyu. In kuma amod kebul ne, wato mai sulken ƙarfe, ya taho ta ƙasa daga geti, a ƙarasa shi da gilan ɗinsa na ƙarfe a haɗa sulken da atin, kar a yanke wayoyin sulken a watsar a tura cikin kawai, kuma kar a karya shi a kwana, lanƙwasar ta yi faɗin aƙalla ninki shida na kaurinsa.

Kafin mai filasta ya taɓa bangon dibi, maigida ya fito da wayarsa ta hannu ya ɗauki hoton bangon gaba ɗaya, fayif-fayif ɗin suna fili, a sa tef ɗin awo a jiki don tazara ta fito, haka ma kowane ɗaki. Ni yanzu da kaina nake ɗauka in tura wa maigida ta WhatsApp in ce ya adana, in rubuta sunan kowace bireka a takarda in manna a cikin murfin. Duk wanda zai zo huda bango bayan haka, mai esi ne ko mai labule, a nuna masa hoton tukuna kafin ya jona injinsa.